Daga Gulbin Sakkwato Zuwa Mashigin Hormuz: Lacca Kan Matsattsun Wurare

 

Ranar Asabar, 30 ga Satumba na 2006, ana cikin watan azumi, madatsar ruwa ta Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai ƙarfi. Rahotannin lokacin sun ambaci mutum 40 da suka rasu da gidaje kimanin 500 da suka rushe, ban da gonaki da dabbobi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Dalilin da aka bayar shi ne ƙofofin da ake sakin ruwa ta cikinsu sun ƙi aiki. Ruwan da ya taru daga ƙasa mai faɗi, tun daga wajen Funtuwa inda Gulbin Sakkwato yake somawa, ya iso 'yar kafar da aka tanadar masa ya wuce, ya iske ta a toshe, sai ya fasa wa kansa wata.

A makaranta ana koyar da labarin ƙasa da manyan abubuwa: teku mafi girma, hamada mafi faɗi, dutse mafi tsawo. Amma inda ake asara da riba, inda ake karɓar haraji, inda ake kwanton ɓauna, inda ruwa ke cin mutane, kusan kullum wuri ne matsattse. Wannan lacca a kan irin waɗannan wurare take, da sunayen da Hausa ta ba su, da abin da ya sa rikita sunayen yake hana mutane fahimtar labarin da suke ji a rediyo da haɗarin da ke bayan gidajensu.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Mai lambun da ya danne bakin tiyo da babban yatsa ya san ta: ruwan bai ƙaru ba, kafar ce ta ragu, sai ga shi yana feshi da nisa. Injiniyoyi sun auna abin. In girman hanyar ruwa ya ragu da rabi, adadin ruwan kuma bai canza ba, gudunsa zai ninka biyu. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin da yake dukan abin da ya tare shi zai ninka huɗu. A yawancin shekaru yankin Gusau yana samun ruwan sama tsakanin milimita 800 da 1,000, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Saboda haka ruwan dare ɗaya mai milimita 50 a kan rufin kwano mai murabba'in mita 100 ya kai lita 5,000, wato duro 25. A kan hekta ɗaya lita 500,000 ne. Unguwar da aka rufe da kwano da siminti ba ta shan wannan ruwa, turo shi take yi, kuma dukkansa lambatu ɗaya da kwalbati ɗaya yake nema.

Ƙasar ma tana da nata hannu a ciki. Tsafe da Gusau da Bungudu suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda kawunansa suka ɓullo sama a wurare irin su Kwatarkwashi da duwatsun Tsafe. Ƙasar da ke lulluɓe da shi ba ta da kauri sosai, ba ta riƙe ruwa da yawa. Shi ya sa gulaben wannan yanki suke kawowa da sauri, su janye da sauri, da rani kuma su zama yashi, mutane su tona cikinsu su ɗebi ruwa, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Sai gulbin ya ratsa ƙasar Bungudu, ya wuce madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, ya shiga ƙasa mai laushi ta yamma, sannan yake bajewa ya zama faffaɗar fadama irin ta Sakkwato da Argungu. Nan gabas hanyarsa ƙuntatacciya ce, kuma fushinsa na farat ɗaya ne.

Manomi da makiyayi da masunci sun daɗe da rarrabe waɗannan abubuwa. Ƙorama ƙaramin ruwa ce mai gudu. Rafi ya ɗan fi ta, a bakinsa ake lambu. Gulbi, wanda Bakano zai ce kogi, shi ne wanda in ya kawo sai an nemi mai fito: Gulbin Sakkwato, Gulbin Zamfara da ya bi ta Anka da Gummi, Gulbin Ka, Gagare na Ƙauran Namoda, da Bunsuru. Kwari ƙasa ce da ta sauka tsakanin tudu biyu, ana nomanta, ana ma son ta saboda danshi. Kwazazzabo kuwa tsaga ce mai zurfi da gaɓa a tsaye, ba noma ba gini. Sunayen unguwanni da garuruwa ma suna faɗin yadda ƙasar take: Tudun Wada, Birnin Ruwa da Gada Biyu a Gusau, Kwaren Ganuwa a ƙasar Tsafe. Wanda zai sayi fili ya kamata ya saurari sunan wurin kafin ya saurari dillali.

Kwazazzabo ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne matsattsen wurin da ake haifa a idon mutane. Yakan soma daga abin da ba a ɗauka a bakin komai ba: turbar da ƙafa ta daddale, sawun tayar tifa mai ɗibar yashi, ko bakin kwalbati da aka saki ruwa a kan ƙasa tsirara ba a yi masa daɓe ba. Ruwa ya sami ɗan gangare ya faɗa, ya ƙwaƙule ƙasan wurin, leɓen sama ya rasa abin da zai riƙe shi ya rufta. Da wani ruwan ya zo sai mafaɗar ta ja baya kaɗan. Kwazazzabo da baya yake tafiya, yana hawa tudu, yana nufar inda ruwan ya fito, kuma a gari inda ruwan ya fito shi ne gidajen mutane. Wanda ya tsaya a bakinsa bayan an ɗauke ruwa zai ga saiwar bishiya tana lilo a iska, ya ga tsaga siririya a ƙasa taki ɗaya ko biyu daga gaɓa. Wannan tsagar ita ce gaɓar baɗi.

Abin da jama'a suka saba yi shi ne zuba shara a ciki. Shara ba ta riƙe ƙasa. Ruwan farko zai kwashe ta ya kai kwalbatin da ke gaba ya toshe, matsala ɗaya ta zama biyu. Maganin yana kai, ba ya wutsiya: a rage gudun ruwan tun kafin ya iso, a jera duwatsu a gicciye, a dasa jema da gamba masu saiwa mai riƙo, a daɓe mafaɗar. A 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasar da ta lalace yana cikin aikinsa. Amma kwazazzabon da buhunan dutse kaɗan za su tsayar a shekararsa ta farko, in aka jira sai ya cinye hanya, sai da kwangila.

Daga nan sai mashigi. A asalin amfaninsa mashigi shi ne wurin da ake ƙetare gulbi, inda ƙasan ruwan yake da tauri kuma gaɓar take da sauƙin hawa. Gulbi yana iya yin tafiyar kwanaki, amma wuraren da jaki mai kaya zai shiga ya fita lafiya ƙalilan ne, kuma a nan kasuwa da zango da sarauta suke tsirowa. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san dole su ƙetare Kwara, sun san za su biya kuɗin fito, madugu kuma yana lissafa wannan kuɗi tun kafin ayari ya tashi. Sarkin Ruwa ba sarautar ado ba ce. Shi ne yake cewa yau a shiga, gobe kar a shiga. A watan Satumba na 2024 kwalekwale ya kife a Gummi da manoma masu zuwa gonakinsu na ƙetare, aka rasa rayuka da dama. Mutanen ba yawon buɗe ido suka fita ba. Gona tana can, gida yana nan, tsakaninsu kafa ɗaya ce, kuma kowa yana son ya shiga jirgin farko.

Gada mashigi ce da aka ɗaga sama, kuma duk ikon da ke cikin mashigi yana komawa kanta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Nijar, an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin. Manyan motoci ɗauke da kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka yi layi, abinci da magani suka yi tsada har Maraɗi da Damagaram, masu kwalekwale suka koma aikin kakanninsu. Ko da ECOWAS ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairu na 2024, Nijar ta bar ɓangarenta a rufe. Ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan ɗaya ta ji a jikinta saboda gada guda.

Akwai kuma mashigin dutse, kafar da ke tsakanin tsaunuka. Duk ɗalibin sira ya san muhimmancinsa. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair a kan ɗan tsauni domin su tsare bayan runduna. Da mafi yawansu suka sauka, Khalid bin Walid ya zagayo da dawakai ta wannan kafa, yaƙin ya juya. Mutanen dā na wannan yanki ma da wannan ilimi suka zauna jikin duwatsu irin na Kwatarkwashi, kuma da shi suka gina ganuwa: a kewaye gari, a bar 'yan ƙofofi, maƙiyi komai yawansa sai ya zo ta inda ake jiransa.

Yau abin ya juye a kan talaka. Wanda ya taso daga Funtuwa zai bi ta 'Yankara, ya shiga Tsafe, ya wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ya isa Gusau, daga nan Bungudu da Maru da Talatar Mafara har Sakkwato. Babbar hanya ɗaya ce take ɗauke da mai da taki da hatsi da marasa lafiya da ɗalibai. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wanda ya mai da Gusau cibiyar gyaɗa da auduga, ya daɗe ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a dā. Jihar Zamfara da aka ƙirƙira a 1996 ta dogara da siririn kwalta, kuma 'yan bindiga sun gane haka. Direbobin tasha suna iya lissafa wuraren da ake tsoro: kwana, gada, gangaren da mota ke rage gudu, inda daji ya matso bakin titi. Abin da direba ya sani da ka ya kamata hukuma ta san shi a rubuce.

Burtali shi ma matsattsen wuri ne, sai dai mutane ne suka shata shi, mutane ne kuma suke cinye shi. Hanya ce ta dabbobi tsakanin gonaki, daga makiyaya zuwa mashaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, ƙasashen ECOWAS kuma suka amince da ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya a 1998. Amma burtali ba ya ɓacewa rana ɗaya. Manomin dama ya ƙara kunya ɗaya bana, na hagu ya ƙara ɗaya, baɗi ma haka, har garken da yake wucewa a sake ya koma turereniya, saniya ta faɗa gero, a zare sanda. Ba wanda zai ce wannan kaɗai ya jawo halin da Zamfara take ciki. Akwai zalunci da makamai da zinariya da rashin hukunci. Sai dai yawancin dattawan karkara za su shaida cewa ƙananan rigingimu na farko a bakin burtali da mashaya suka tashi. A Nijar, bayan dokar karkara ta 1993, an bi hanyoyin dabbobi da dama, har a jihar Maraɗi, an kafa musu turakun siminti hagu da dama. Turke ba ya hana son zuciya, amma yana hana gardama a kan inda iyaka take, kuma wannan abu ne da ƙananan hukumomin Tsafe da Bungudu za su iya yi ba tare da jiran Abuja ba.

Wanda ya fahimci waɗannan ya riga ya fahimci rabin labaran duniya. Mashigin Hormuz, tsakanin Iran da Oman, bai kai kilomita 40 ba a inda ya fi ƙunci, amma a 2023 kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya take sha ta nan ya bi. Babul Mandab, tsakanin Yaman da Jibuti, shi ne ƙofar kudu ta Bahar Maliya, tekun da alhazan ƙafa na ƙasar Hausa suke ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda. Mashigin Jibralta, mai kimanin kilomita 14, shi Ɗariƙu bin Ziyad ya haye a 711 ya shiga Andalus. Bosforus na Santambul, ƙofar Bahar Aswad, a wani wuri mita 700 ne kacal. Sarki Muhammadu Fatih ya gina ganuwa a bakinsa a 1452 ya tare jiragen da ke kawo ɗauki, shekarar da ta biyo baya ya ci birnin. Ta wannan ruwa alkamar Rasha da Yukren take fitowa, shi ya sa yaƙin da ya ɓarke a 2022 ya taɓa farashin alkama har a ƙasashen da ba su san inda Bahar Aswad take ba.

Waɗannan duk halittar Allah ne. Suwais da Panama kuwa haƙa su aka yi. An buɗe na Suwais a 1869, tsawonsa yanzu kilomita 193. Na Panama a 1914, kimanin kilomita 80. Dukansu an yanka su ne a siririyar ƙasar da ta haɗa manyan ƙasashe biyu ta raba tekuna biyu. Ranar 23 ga Maris na 2021 jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya gicciye a Suwais, kwana shida ɗaruruwan jirage suna jira. Daga ƙarshen 2023, da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, kamfanoni da yawa suka gwammace su zagaye Afirka ta kudu, ƙarin kwana goma ko fiye, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kuɗin fiton da Masar take samu daga Suwais ya faɗi da fiye da rabi a 2024. Panama kuma fari ne ya kama ta a 2023: tabkin Gatun da ke cika matakan ɗaga jirage ya ja baya, dole aka rage yawan jiragen da ke wucewa kowace rana.

A nan ne Hausar kafafen labarai take da gyara. Kalma ɗaya, mashigi, an ɗora mata kaya uku. Ana cewa mashigin Hormuz, ana cewa mashigin Suwais, ana kuma cewa mashigin tekun Fasha da mashigin tekun Gini. Mai sauraro a Bungudu ba zai gane cewa tekun Fasha ruwa ne mai faɗi wanda ba ya ɓullewa ko'ina, Hormuz kuma ita ce kafar fitarsa tilo, alhali duk ma'anar labarin a wannan bambanci take. Haka ma ziri. Zirin Gaza daidai ne, domin ƙasa ce doguwa siririya, kilomita 41 a tsawo, 6 zuwa 12 a faɗi, kuma Gambiya ma ziri ce da ta bi gaɓar koginta. Amma Koriya ba ziri ba ce, ƙasa ce da ta kutsa cikin teku, ruwa ya kewaye ta ta gefe uku.

Shawarar farko ta wannan lacca ita ce a bar mashigi ga ruwan da ya ɓulle ta kai biyu. Wanda mutane suka tona a ce haƙaƙƙen mashigi. Ruwan da ya shiga cikin ƙasa ya tsaya a ce lungun teku, domin kowane Bahaushe ya san lungu yana iya ƙurewa. Siririyar ƙasar da ta haɗa manya biyu a ce wuyan ƙasa, wadda ta kutsa cikin ruwa a ce harshen ƙasa. Ba dole waɗannan su ne za su zauna ba, masana harshe da 'yan jarida suna iya kawo waɗanda suka fi su. Abin da ba shi da kyau shi ne a ci gaba da kiran abu uku da suna ɗaya a harshen da ya bambanta kwari da kwazazzabo.

Aiki na biyu na gida ne, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Maru da makarantun sakandare suna da ɗaliban da ake nema wa aikin bincike kowace shekara. A raba musu mazaɓu. Kowace tawaga ta zauna da mai unguwa da Sarkin Ruwa da arɗo da direbobin tasha, ta rubuta kowane mashigi da kwalbati da burtali da kwazazzabo da sunan da mutanen wurin suke kiransa, ta auna faɗinsa, ta ɗauki alamar wurin da wayar hannu. A kan kowane kwazazzabo a kafa turke mita goma daga mafaɗar ruwa a watan Mayu, a dawo a Oktoba a sake aunawa. Abin da ya ragu daga mita goman shi ne abin da ya ci a damina ɗaya, kuma da wannan adadi kansila zai iya shiga zaman kasafin ƙaramar hukuma ya nuna wanne ne zai fara isa makaranta ko maƙabarta, a fara da shi.